Iliyasu Mai Bin Ruwa da Kukar Gonar Aro

In hadari ya haɗo a Badaguishiri, kowa ya san abin da zai yi. Mata su kwashe shanya, 'yan kasuwa su rufe kaya da buhu, mai akuya ya ja akuyarsa zaure. Mutum ɗaya ne za ka gani yana fita gari lokacin da jama'a ke shigowa: dogo, siriri, ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa, takalmansa a hannu. Wannan shi ne Mushe Iliyasu (Mushe laƙabin ma'aikaci ne da muka aro daga Faransanci), malamin gona na sarwis ɗin noma, wato ma'aikatar gona, wanda ya ajiye aiki a kakar bana ta 1998. Ba wanda ya kira shi, ba kuma wanda ya aike shi. Ruwa zai je ya bi.

Ran da babu hadari ma yana da nasa tsarin. Yana idar da sallar asuba zai leƙa gwangwanin awon ruwan sama da ke bayan buro, wato ofishinsu, ko da kuwa tsakiyar rani ne. Ya sha kunu a tsaye, ya ɗaure tiyonsa a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, ya kama hanyar ƙauye. Tiyon nan fari ne, ana ganin cikinsa, an ɗaure bakunansa biyu a jikin sanduna biyu masu zane. A cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe sandunan su yi ta matsawa. Inda ruwan ya tsaya kai ɗaya a sandunan biyu, nan ƙasa ta yi daidai, nan ake jera duwatsu don su rage wa ruwa gudu. Ba ya dawowa gida sai rana ta yi sanyi. Matarsa Lauratu ta taɓa ce mini, “In damina ta kama, rigatai ba ta bushewa. Na bar hwaɗa tun tuni, sai dai in ɗora ruwan zahi in jira.”

Ni malamin yaƙi da jahilci ne, ajina yana jingine da buronsu, kuma Allah Ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Wata rana da ya dawo jiƙe sharkaf, haƙoransa na kaɗawa, na tare shi na ce, “Mushe, don Allah mi kaka nema cikin ruwan ga?” Ya matse hularsa ya ce, “So nike in ga inda shika gudu da inda shika tsayawa. In na gane abin da yat tsai da shi wuri guda, sai in kai mai irinai wani wuri.” Na ce to ai ruwa gangare yake bi, ko yaro ya sani. Ya ce, “Haka na. Amma wane gangaren?” Na juya na koma aji.

Malamin gona an san shi da faɗi: yi kaza, bar kaza, gwamnati ta ce kaza. Shi kuwa Iliyasu da tambaya aka san shi. Don me ka bar wannan sabara ka sare waccan? Wa ya gaya wa kakanka wake na son gindin gawo? Me ya sa gefen gonar nan ya fi baƙi? Har ta kai ran kasuwa wasu manoma in sun hango shi sai su shige bayan rumfa, don sun san in ya kama mutum da “don mi?” to cefane ya sha ruwa. Akwai ranar da wata mata ta iske shi kwance rubda ciki a tsakiyar fili, fuskarsa dab da ƙasa, ba ya motsi. Ta yar da itacenta ta saki salati, ta ɗauka faɗuwa ya yi. Ashe gara yake kallo, yana son ya ga ta inda take shiga ƙasa.

Wanda bai zauna wajenmu ba sai an gaya masa abin da farin 1984 ya bari. Ban da dabbobin da suka mutu da gidajen da aka rufe aka tafi Nijeriya, ƙasar kanta ta sauya. Tudun da iyayenmu suka noma ya zama fako, wato ƙasa mai tauri, mai sanƙo, wadda ko ciyawa ba ta fitowa. Ruwa in ya sauka a kanta ba ya shiga, sai ya kwashi gudu ya faɗa kwari, ya yanka gonakin fadama. Gwamnati ta kawo furoje, wato shirin raya karkara, don a farfaɗo da irin wannan ƙasa. A shekarar 1989 furojen ya kwashi wasu manoma ya kai su ƙasar Mosi da ke maƙwabtaka da mu su ga yadda ake yi a can, suka dawo da labarin tassa. Ba baƙuwa ba ce, kakanninmu sun san ta, sai dai tasu ƙarama ce kuma ba taki. Sabuwar tassa rami ne da ake haƙawa a fako tun da rani, faɗinsa kamar bakin ƙwarya, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu, a bar shi. Gara ta bi takin ta huhhuda ƙasa, ruwan farko ya zo ya zauna a ramin ya bi hanyoyin gara ya shige. Abin da Iliyasu yake kallo ke nan ran da aka yi masa salati.

Masu bincike na Konni suka ce suna son a gwada musu gefe da gefe: tassa da taki, tassa ba taki, da shuka irin ta kullum, duk da irin hatsi mai saurin nuna. Ana bukatar fako tsantsa da mutumin da zai yarda ya yi rani yana saran ƙasa mai kama da dutse. Masu gonakin kirki suka yi dariya. Wanda ya amsa shi ne wanda ba shi da abin da zai rasa.

Sunansa Alkasum, Buzu ne makiyayi. Fari ya cinye garkensa, ya bar shi da jaki da 'yan awaki, ya sauka da matarsa Takama da 'ya'yansu a gefen wani ƙauye da ake kira Garin Wakili. Ya roƙi wurin noma wajen wani dattijo mai suna Chindo, wanda gidansu ke da mafi yawan ƙasa a garin. Chindo ya nuna masa fakon da ke saman tudu, daidai bisa fadamarsa, ya ce, “In ka iya tatsar dutse, ga shi nan.” Aro ne, a gaban maigari aka yi. Ƙa'idar aro kuwa kowa ya san ta: ka shuka, ka girbe, amma ba ka dasa itace, ba ka gini da ƙasa, domin itace da gini na mai gona ne. Saboda haka a bukkar tabarma suka zauna. A jikin dirkar bukkar Takama ta rataye wata doguwar igiyar fata, wadda take ɗaure kaya da ita in za su tashi. Ba ta yarda a taɓa ta ko don ɗaure akuya, tana cewa wanda ke zaman aro ba ya ba da igiyarsa.

Rani guda Alkasum da Iliyasu suka yi suna haƙa. Na je na gan su da idona: makiyayin da bai saba da diga ba, hannuwansa duk kanta, da malamin gwamnati da ya tuɓe riga yana tambayarsa yadda ake gane kashin raƙumi da ya kwana biyu da wanda ya shekara. Taki dai bai yi musu wuya ba, don dangin Alkasum da suka tsira da dabbobi suna sauka kusa da shi da rani. Damina ta faɗi, ba wata mai yawa ba. Inda aka yi shuka irin ta kullum, hatsi ya tsiro ya ƙone. Inda aka yi tassa da taki kuwa, sai ga zangarniya a fakon da aka yi shekaru ba a ga kore a kansa ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga Dogarawa da wasu garuruwa. Masu binciken suka zo suka auna, suka yi murna. A shekarar nan 'ya'yan Alkasum suka ci tuwon gonar ubansu har bazara.

Daga nan ne aka sami matsala, kuma Mushe, ka yi haƙuri, sai na faɗa, don jinjinar da ba gaskiya a cikinta roƙo ce. Ganin ruwa yana cika tassa ya tsallake, sai Iliyasu ya ce a jera duwatsu a gicciye. Ya kawo tiyonsa, babbar motar furoje ta sauke duwatsu, aka jera layi bayan layi, har da wanda ya bi ta gefen gonar ta ƙasa. A idon Iliyasu dutse abin tare ruwa ne. Shi mutumin Tsarnawa ne, daga ƙauyen jigawa inda ba duwatsu, inda gamba ake dasawa a iyakar gona. A Garin Wakili kuwa da dutse ake yin iyaka tun kaka da kakanni. Mutumin da ya tambayi kowa komai, wannan guda ɗaya ce bai tambaya ba.

Chindo ya hau tudu da safe ya ga an kewaye fakonsa da dutse, kuma motar gwamnati ce ta kawo dutsen. Bai yi hayaniya ba. Ya kira Alkasum ya ce, “Na ba ka aro, ka kai gwamnati ta shata maka iyaka. To, bana in ka girbe, ka nemi wuri.”

Alkasum ya ce, “Maigida, wallahi ruwa munka tare.”

Chindo ya ce, “Ni ma abina nika tarewa.”

Ran nan Takama ta sauke igiyarta ta shafa mata mai. Alkasum ya zo buro ya tsaya a ƙofa, bai zauna ba, ya ce, “Mushe, da ka bar ni da ramuna. Yanzu ina za ni da ɗiya? Ba bisashe, ba gona.” Na ji wannan magana ta bangon ajina, kuma na ga fuskar Iliyasu bayan tafiyarsa. Garin gyaran gira ya kusa tsone ido, ya kuma san hannunsa ne.

Wani malamin da sai ya hau mobilet ya tafi Illela ya ɗauko hukuma. Akwai ma waɗanda suka ba shi wannan shawara. Shi kuwa sai ya koma ga abin da ya iya, ya tafi yana tambaya. Da farko ya so ya san don me dattijo mai ƙasa haka zai tsorata da jerin duwatsu, domin ruwa ba ya tsami banza. Ya gano cewa shekarun baya, lokacin da gwamnatin soja ta yi shelar gona ta mai nomanta ce, gidan su Chindo sun rasa wata babbar gona da ubansu ya ba wani aro don tausayi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga ranar Iliyasu bai ƙara yarda a zagi Chindo a gabansa ba.

Sai ya shiga bin tsofaffi gida gida da tambaya guda: a dā, in za a karɓe gonar aro, yaya ake yi? Wasu suka ce ba su tuna ba, wasu suka ce karɓewa kawai ake. Har ya faɗa zauren wata tsohuwa mai suna Tsahara, wadda yayar Chindo ce uwa ɗaya uba ɗaya. Tana ɓarar wake ya durƙusa ya gaishe ta ya yi tambayarsa. Ta ce, “Kai ne yaron ga mai yawo cikin ruwa? Uwarka ta sha wuya.” Ta ci gaba da ɓara, sannan ta ce, “Babanmu ya taɓa son amshe gona ga wani Bahillace. Anka ce mai mutumin ya zuba taki. Sai da yaj jira damina ukku. Ba a korar mutum da takinai cikin ƙasa, sai ƙasa ta canye shi. In ka kore shi, guminai za ka ci, kuma ba shi albarka.”

Iliyasu ya ce, “Inna, Baba Chindo ya san wagga magana?”

Ta ce, “Shi ka riƙe ma baba buta ran nan. In ya mance, ka ce in ji ni.”

Aka zauna gaban maigari. Iliyasu ya fara da neman gafara, ya ce dutsen nan shi ya sa a jera, ba Alkasum ba, kuma in Chindo ya ce a kwashe, da hannunsa zai kwashe. Sannan ya tambayi dattawa ko gaskiya ne abin da ya ji game da taki. Dattawa suka dubi juna, suka ce haka aka gada. Sai Chindo ya ce, “Abin da ubana yay yi, ba ni take shi. Takin da ac ciki, na yarda, damina ukku. Amma kada a ƙara sabo.” Duwatsun kuwa ya ce a bar su, tunda an shaida gaban jama'a ba iyaka ba ne. Alkasum ya sami numfashi, amma kowa ya san numfashi ne mai wa'adi. Tassa ba taki ba ta daɗewa tana ba da hatsi, kuma in wa'adin ya cika sai tashi.

Abin da ya faru a damina ta biyu ta wa'adin, rabin garin ya gani ta ƙofar zaure, kuma har yau ana ba da labarinsa ana dariya. Hadari ya haɗo da la'asar, baƙi ƙirin. Iliyasu ya tsaya ƙofar gidan Chindo ya yi sallama ya ce, “Baba, ina da tambaya, amma amsar tana bisa tudu, kuma sai ana ruwa aka ganinta.” Chindo ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Iliyasu ya ce, “Kwazazzabon da ka cin fadamarka, shekara nawa rabon da shi ƙara tsawo?” Dattijo ya shiga ƙirga da yatsu. Kwazazzabon nan ya daɗe yana yankar masa gona kowace damina, kuma sai a lokacin ya lura cewa kwanan nan ya lafa. Son sani ciwo ne mai yaɗuwa. Ya ɗauki sandarsa ya bi shi.

Suka hau tudu ruwa na dukansu. Iliyasu ya fara kai shi fakon da ba a taɓa ba, inda ruwa ke kwarara ja wur, yana tafe da ƙasa da tsakuwa, har yana neman ɗauke wa dattijo takalmi. Sannan suka tsallaka gonar Alkasum. Nan ruwan ya zo da gudunsa ya ci karo da layin farko ya tsaya, ya ratsa tsakanin duwatsu a hankali, ya cika ramuka, ya ci karo da na biyu. Suka bi shi layi layi har ƙasa. Kafin ya kai bakin kwazazzabon ya zama ɗan siriri, garai garai, yana tafe kamar mai jin kunya. Iliyasu bai yi bayani ba, bai ce ka gani ba. Chindo ya tsaya, rawaninsa ya jiƙe ya zazzago masa a wuya, yana duban fadamarsa a ƙasa yana duban duwatsun a sama. Abin da ya ce kawai shi ne, “Mushe, in mura ta kama ni, kai ka sayen magani.”

Murar ta kama shi kuwa. Amma da rani ya shigo, sai ya aika ɗansa wajen Alkasum da magana guda: “Baba ya ce a ƙara taki.”

Haka aka zauna shekara da shekaru. Kowane rani Alkasum ya zuba ido, kowane rani saƙon ya zo, wani lokaci da wuri, wani lokaci sai hankali ya tashi. Chindo bai taɓa cewa tashi ba, bai kuma taɓa cewa zauna ba. A tsakanin nan Iliyasu ya haɗa 'ya'yan Chindo da Alkasum: Alkasum ya koya musu tassa a sauran fakon gidansu, danginsa kuma suka riƙa kwana da dabbobi a can suna barin taki. Gidan Chindo ya sami gonaki a inda dā ko jaki ba ya tsayawa. Iliyasu kuma ya ɗauki tambayarsa ya yi ta kai ta taro, a Illela da Tawa, gaban manyan furoje da masu bincike: in fako ya farfaɗo, na wa ne, mai ƙasa ko mai gumi? Suka saurare shi, don su ma abin ya fara damunsu a wasu garuruwa, ga shi lokacin ana ta maganar sabuwar dokar ƙasar noma. Tun daga nan a yankinmu ba a sauke dutse a gonar aro sai mai ƙasa da mai aro da maigari sun zauna tukuna. Mutane da yawa sun tsira da gonakinsu ta wannan hanya ba su san daga ina abin ya faro ba.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. 'Ya'yan Alkasum suka girma a bukkar tabarma, igiyar Takama tana nan a dirka, duk shekara sai ta shafa mata mai.

Mushe Iliyasu, kai ne ka ɓata, kai ne kuma ka ƙi tafiya ka bar ɓarnar. Kai ne ka ɗauki tsoron mai ƙasa da tsoron mai aro duka biyu a matsayin abin tambaya, ba abin hukunci ba. Na san malamai da yawa da suka fi ka iya jawabi, amma ban san wanda ya kai ka iya durƙusawa gaban tsohuwa mai ɓarar wake ba. Mai bin sawun ruwa, ina ƙaunarka saboda wannan hali, ko da yake ka sha ɓata mini darasi da tambayar ɗalibaina abin da suka shuka.

Da lokacin ajiye aikinsa ya matso, ya zaga ƙauyuka yana sallama. Ya je wajen Chindo, wanda yanzu ya tsufa ƙwarai, ba ya hawa tudu. Suka gaisa, suka taɓa hira. Da zai tashi ya ce, “Baba, saura tambaya guda.” Chindo ya ce ai ya san ba za a rabu lafiya ba. Iliyasu ya ce, “Ran da ba ka nan, anka raba gado, wa za shi aika a ƙara taki?” Dattijo ya fusata ya ce, “Kashe ni kaka son yi tun da raina? Tashi ka ba ni wuri!” Iliyasu ya dawo yana cizon yatsa, ya ce mini yana jin wannan karon tambaya ta ɓata abin da aka daɗe ana lallaɓawa. Alkasum kuwa da ya ji labari, na ga ya rame a 'yan kwanakin.

Aka yi taron sallama a gindin itacen bedin da ke gaban buro. Manya suka yi jawabi, manoma suka kawo abin da ya sawwaƙa: mai zakara, mai damin hatsi, mai albasa. Alkasum yana can baya a tsaye, ya ja rawani ya rufe baki. Ana shirin addu'a sai ga amalanken jaki, an ɗauko Chindo. Aka kama shi ya sauko, yana rungume da wata fasasshiyar tukunya, a cikinta ɗan tsiro mai ganye kaɗan. Ya miƙa wa Iliyasu ya ce, “Mushe, ga tawa. Kuka ta. Jikokinka su sha miya.”

Iliyasu ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Baba, na gode. Amma ina zan dasa ta? Gidan sarwis nike ciki, kuma barinai zan yi. Ko taƙi guda na ƙasa ban da shi nan.”

Chindo ya ce, “Wagga kuma ba damuwata ba ta. Ka ba Alkasum shi dasa maka a gonatai. Shi ad da wuri.”

Baƙin da suka zo daga birni suna ta murmushi, sun ɗauka kyautar itace ce kawai. Mu kuwa mun san wanda ke dasa kuka a gona. Maigari ya matso ya ce, “Chindo, ka ji abin da kac ce?”

Ya ce, “Kunnena ne yat tsuhwa, ba bakina ba. Ga ɗiyana nan tsaye, ga ku. Ku shaida.”

Alkasum ya tako daga baya, jama'a na buɗa masa hanya. Ya durƙusa gaban dattijon. Iliyasu ya ɗora masa tukunyar a hannu. Tun da na san mutumin nan, ran nan ne kaɗai aka yi babban abu a gabansa bai ce “don mi?” ba. Ni kam hawaye na yi, ban kuma ɓoye ba.

Mushe Iliyasu, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka, Ya ba Lauratu ladan ruwan zafin da ta yi ta ɗorawa. Ku kuma samarin da gwamnati ke turo mana da sabon iri da sabuwar dabara, muna maraba da ku, muna bukatarku. Amma kafin ku sauke dutse a gonar mutum, ku tambayi abin da dutse yake nufi a garin. In hadari ya haɗo, ko sau ɗaya ne, ku cire takalmi ku bi ruwa ku ga daga gonar wa yake fitowa, gonar wa yake shiga.

Makon jiya na hau tudun Garin Wakili don in ga kukar, saboda na gaya muku halina. Tana nan a tsakiyar gona, ta yi sabon ganye. A gefen bukka na ga an tara ƙasa an jiƙa ta, za a buga tubali. An kewaye kukar da shingen ƙaya saboda awaki, an ɗaure shi tam da wata doguwar igiyar fata mai sheƙin mai, an yayyanka ta gunduwa gunduwa don ta isa. Na dubi dirkar bukka, ba komai a jikinta. Takama ta ga inda nake kallo, ta ce, “Malam, ai ta samu aiki.”